Kwamfuta shida a gida ɗaya, lasisin Windows ɗaya muka saya

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 facin tsaro na kyauta. Kwamfuta ba ta mutuwa saboda haka, za ta tashi ta yi aiki kamar kullum, sai dai duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano bayan wannan rana haka za ta zauna a buɗe. A gidanmu na Aboabo, nan Kumasi, kwamfuta shida ce a ɗakuna daban-daban, laftof huɗu da na tebur biyu, kuma ni aka ɗora wa aikin duba su.

Mafita ita ce komawa Windows 11, kuma lissafin da ke fara zuwa wa kowa a kai shi ne na ninkawa. A shagon Microsoft na intanet Windows 11 Home dala 139 ne, Pro kuma dala 199. Shida sau 139 ya ba da dala 834. In an ƙaddara dala tana sidi 12, abin ya haura sidi dubu goma tun kafin banki ya ɗora nasa. Wannan adadi shi ke kora mutane wajen masu sayar da makullin araha, wato lambar kunna Windows, da masu ɗora Windows na sata. Amma lissafin bai zauna daidai ba, domin yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane sun zo da lasisinsu, masu su ne ba su sani ba.

Tambayar da Kawu ya fara jefo mini ita ce: "Kai ɗana, ba gida ɗaya muke ba? A sayi guda a raba mana." Na ce, "Kawu, ba ya rabuwa, kowace na'ura da nata." A zamanin Windows 7, a 2009, an taɓa sayar da kwalin iyali mai ɗaukar kwamfuta uku, amma Windows 10 da 11 ba su da irinsa. Abin da ke rikita mutane shi ne Microsoft 365 Family, wanda mutum shida kan yi tarayya a kansa. Wancan kuɗin Word da Excel ne da ma'ajiyar OneDrive, babu Windows a cikinsa.

Lasisin Windows iri uku ne, kuma duk maganar kuɗin a kan bambancinsu take. Na farko OEM, wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya biya tun a masana'anta. Kamar lambar mota yake: da motar aka yi masa rajista, in an sayar da ita ya bi ta, ba a cire shi a liƙa wa wata. Tun daga Windows 8, a 2012, aka daina buga makullin a takardar da ake mannawa a gindin laftof, aka koma rubuta shi cikin BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta, a jikin madabod, babban allon da ke cikinta, don haka ko an canza faifai ko an wanke komai yana nan daram. Na biyu Retail, wanda mutum ya saya daban da kuɗinsa. Ana iya ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta a kai sabuwa, da sharaɗin kada ya zauna a kan biyu lokaci guda. Na uku Volume, na ma'aikatu da makarantu masu saye da yawa. Wannan ba shi da abin yi a kwamfutar gida, in an gan shi a can to akwai magana.

Saboda haka kafin a taɓa aljihu na ɗauki takarda na ja layi shida, na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. A kowacce na buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa na buga slmgr /dli. Ƙaramar taga za ta fito da suna, Home ko Pro, da layin da ke faɗin irin lasisin: OEM_DM, RETAIL, VOLUME_MAK ko VOLUME_KMSCLIENT, sannan haruffa biyar na ƙarshen makulli. Sai slmgr /xpr, wanda ke faɗin ko lasisin na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa. Na uku a PowerShell ake buga shi:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | select OA3x*

In akwai makulli a BIOS zai fito da haruffansa 25, tare da bayanin ko na Home ne ko na Pro. A can Home yakan fito da sunan Core, kada wannan ya ruɗi kowa. In layukan suka fito wayam, babu komai a ciki.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kamata a sani. Ganin kalmar RETAIL ba hujja ba ce cewa lasisin na ɗaukewa ne. Kwamfutocin da suka samu Windows 10 ta hanyar ƙarin kyauta daga Windows 7 ko 8 su ma RETAIL suke nunawa, da makullin gama-gari mai ƙarewa da 3V66T a Pro ko 8HVX7 a Home. Wannan makulli kowa ma shi gare shi, kwafe shi ba ya amfana komai. Ainihin lasisin yana wajen Microsoft, ɗaure da shaidar madabod ɗin. Wanda ke da Retail na gaske zai iya nuna kwali, ko kati mai makulli, ko rasit a imel.

Rabin takardar na biyu na kayan ciki ne. Windows 11 yana neman RAM gigabait 4, faifai gigabait 64, TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaro, da madabod mai tashi ta UEFI, sabon tsarin BIOS, da kariyar tashi ta Secure Boot. Sai furosesa, wadda ita ce ke kayar da yawancin kwamfutocin da ake kawowa daga Turai da Amurka: a Intel daga zubi na takwas zuwa sama, a AMD daga Ryzen 2000, ban da 'yan ƙalilan da suka fita daga wannan ƙa'ida. Lambar farko bayan ɗan layi ita ce zubin, i5-8250U na takwas ne, i5-7300U na bakwai, daga na goma kuma lamba biyu ce. Takardar Core i7 da ke manne kusa da madannai ba ta nufin komai a nan, i7-6600U ba ta wucewa, i3-8130U kuwa tana wucewa. Manhajar PC Health Check tana ba da amsa a taƙaice, amma na fi son buga umarnin tpm.msc da msinfo32, domin su ne ke nuna ko abin babu shi ne ko kuwa a kashe yake. Bambancin waɗannan biyu kuɗi ne mai yawa.

ThinkPad T480 ta Yaya ita ce misalin na biyun. Furosesa zubi na takwas, lasisin Pro na OEM a cikin BIOS, komai nata halas, amma Windows Update ya dage ba ta cancanta ba. A msinfo32, layin BIOS Mode ya nuna Legacy. Wanda ya ɗora mata Windows a shago ya bi tsohon tsari, faifan ya zama MBR, tsohon salon yanka faifai, kuma Secure Boot ba ya aiki a haka. Ba sai an wanke ta ba. Bayan na kwashe fayiloli zuwa wani faifai na waje, na buga mbr2gpt /validate /allowFullOS, wanda ke gwada ko faifan zai juyu daga MBR zuwa sabon salo, GPT. Karon nan ya ƙi, domin umarnin ba ya karɓar faifan da ya wuce manyan ɓangarori uku, ita kuwa an yanka ta huɗu: ɗan ƙaramin da Windows ke keɓe wa kansa, da C, da D, da na farfaɗowa. Masu shago suna son yanka D don wai a ajiye fayil, kuma shi ne yakan cika adadin. Na mayar da abin da ke D cikin C, na share shi a Disk Management. Na farfaɗowa yana zaune tsakaninsu, don haka C bai miƙe ya cinye wurin ba sai da wata manhajar yanka faifai, amma wannan ba ya hana aikin. Da gwajin ya wuce sai mbr2gpt /convert /allowFullOS, wanda bai ɗauki lokaci ba.

Daga nan ne mutane kan firgita. Da zarar an juya faifan zuwa GPT, kwamfutar ba za ta sake tashi ba sai an shiga BIOS an sauya. A ThinkPad F1 ake dannawa lokacin kunnawa, a Dell F2, a HP F10. Na mayar da tashin zuwa UEFI kaɗai, na kunna Secure Boot, na tabbatar Security Chip, wato TPM, a kunne yake. A kwamfutocin tebur TPM yakan ɓuya da wani suna, PTT a Intel, fTPM a AMD. Juyawar nan ba ta da komawa baya, shi ya sa kwashe fayil ba abin wasa ba ne. In kuma BitLocker, mai kulle faifai, a kunne yake, a dakatar da shi kafin a taɓa BIOS, in ba haka ba zai tare ƙofa ya nemi lambobi 48 da wataƙila ba wanda ya taɓa rubutawa. Bayan wannan ta karɓi Windows 11 Pro, ko pesewa ba a biya ba. Home yana komawa Home, Pro yana komawa Pro, kyauta ne ga duk kwamfutar da ke da lasisin Windows 10 na gaskiya kuma ta cika sharuɗɗa.

HP Pavilion ta ƙanwarmu da ke karatu a jami'ar KNUST ta fi ban takaici. Abin da slmgr ya nuna VOLUME_KMSCLIENT ne, makulli mai ƙarewa da T83GX, da ranar ƙarewa nan da 'yan watanni. KMS tsari ne na ma'aikatu: kwamfuta tana zuwa wajen uwar garken ma'aikatar ta sabunta izininta, kowane izini kwana 180 ne. Masu ɗora na sata suna dasa wata manhaja da ke kwaikwayon uwar garken, kuma don ta zauna lafiya sukan toshe wa Defender, mai gadin Windows, ido a wasu wurare. Ranar da manhajar ta daina aiki sai rubutun Activate Windows ya bayyana a kusurwar allo, ko lambar kuskure 0xC004F074. Amma da na duba BIOS, ga makullin Home Single Language zaune, wanda aka biya tun ranar da aka ƙera ta. An danne halas da haram ne kawai don a rubuta Pro a takardar farashi.

Maganinta wankewa ce gaba ɗaya, ba ɗorawa a kai ba, domin ba wanda ya san me aka dasa tare da manhajar. Na danna F9 na tayar da ita daga filash mai ɗauke da Windows, na share ɓangarorin faifan duka, na ɗora sabo. Bai ma tambayi makulli ko irin Windows ɗin da ake so ba, ya karanta BIOS ya zaɓi Home Single Language da kansa, da ta hau intanet lasisi ya kama. A kwamfutar da ba ta da makulli a BIOS amma tana da lasisin dijital, za a ga tambayar. A danna I don't have a product key, sannan a zaɓi daidai irin wanda take da shi a da. Wanda ya zaɓi Pro a kan lasisin Home zai ƙare da 0xC004F212 ko 0x803F7001, ya ɗauka lasisinsa ya ɓata alhali zaɓi ne ya saɓa.

Ƙanwar tamu ta tambaya ko ta yi asara da ta rasa Pro. A ganina ɗaliba ba ta rasa komai ba. Abin da Pro ya ƙara shi ne cikakken BitLocker, shiga kwamfutar daga nesa ta Remote Desktop, Hyper-V, da haɗa ta da tsarin ma'aikata. Wanda ke buƙatar ɗaya daga cikinsu ya san kansa, kuma hawa daga Home zuwa Pro dala 99 ne a Microsoft Store, ba sai an sayi na 199 ba.

Ta Kawu ce ta ci kuɗi, kuma ita ce mafi sabunta a gidan. A kwali aka saye ta fil, furosesa zubi na goma sha ɗaya, amma BIOS ba makulli. A jikin kwalin, wajen da ake jera kayan ciki, an rubuta FreeDOS. Kamfanoni suna fitar da irin waɗannan ba tare da Windows ba don farashi ya sauka, sai mai shago ya ɗora nasa kafin ya miƙa wa mai saye. Ita ma KMS ce. A nan babu dabara, ko a saya ko a koma wani tsarin.

Makullan da ake tallatawa a intanet da rukunonin WhatsApp a kan kuɗin da bai kai na kwanon waakye biyu ba, sukan kama a ranar farko, kuma wannan ne ke sa a yarda da su. Yawancinsu makullan MAK ne na wata ma'aikata, masu ƙayyadadden adadin amfani, ko na masu rubuta manhaja da aka ba su don gwaji, ana sayar wa mutane da yawa makulli guda. In adadin ya cika ko aka toshe shi, ranar da aka wanke kwamfuta ko aka canza wani abu sai a ga 0xC004C008, wato an yi amfani da shi fiye da ƙima, ko 0xC004C003, wato an toshe. Mai sayarwa kuwa ya canza lamba. Wanda ya riga ya saya ya buga slmgr /dli, in ya ga VOLUME_MAK a kwamfutar ɗakinsa ya san abin da aka sayar masa. Akwai kuma fakitin OEM mai faifan DVD da takardar shaida da ake samu a shaguna. Na gaskiyarsa halas ne kuma ya fi Retail sauƙi, sai dai zai mutu tare da kwamfutar farko da aka sa shi, kuma jabunsa ya yi yawa. In za a saya, a nemi rasit mai sunan shago da lambar waya, a kuma sa makullin a gaban mai shagon.

Mun wanke ta, mun ɗora Home ba makulli, sannan daga Settings, System, Activation muka bi hanyar Microsoft Store muka biya da katin banki. A tabbatar an buɗe wa katin sayayyar ƙasashen waje, kuma a sa a rai banki da nasa canjin zai yi lissafi, ba da na kasuwa ba. Farashin da zai fito a allo ma yakan bambanta da na Amurka gwargwadon ƙasa da haraji. Wannan lasisi yana rataye da akawun ɗin Microsoft da aka saya da shi, don haka da akawun ɗin Kawu muka saya, ba nawa ba. In laftof ɗin ta mutu gobe zai ɗauki abinsa ya kai wata. Wanda bai da kuɗin a hannu yau, Windows marar lasisi yana tashi yana karɓar faci, da rubutu a kusurwa da kulle wajen sauya hoton bango. Ba mazauni ba ne, sharuɗɗan amfani suna neman lasisi, amma ya fi zama da manhajar sata a ciki kafin kuɗin su haɗu.

Dell OptiPlex 7040 ta tebur da ke falon Hajiya tana da lasisin Pro na gaskiya, tana aiki lafiya lau, amma i5-6500 ce, zubi na shida. Ko an sayo mata lasisin dala 199 ba za ta cancanta ba, matsalarta ba ta lasisi ba ce. Ga irinta aka yi shirin ESU, wato ƙarin wa'adin facin tsaro, wanda aka sanar zai kai masu gida har 13 ga Oktoban 2026. Sharaɗi shi ne ta kasance a kan 22H2, zubin ƙarshe na Windows 10, wanda umarnin winver ke nunawa, ta karɓi duk sabuntawar da ke jira, lasisinta ya kama, kuma a shiga da akawun ɗin Microsoft mai izinin gudanarwa. Sai a ga Enroll now a shafin Windows Update. Hanya uku ce: a biya dala 30, ko a ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko a kunna Windows Backup ya riƙa ajiye saitin kwamfutar, wanda kyauta ne. Ta ukun muka bi.

Nan ne kaɗai wurin da gida mai kwamfuta da yawa ke samun rangwame, domin rajista ɗaya tana ɗaukar na'ura har goma a ƙarƙashin akawun guda. Gidan da ke da tsofaffin kwamfutoci huɗu dala 30 zai biya, ba 120 ba. Na ma'aikatu daban ne, dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, yana ninkawa duk shekara, kuma kwamfutar da ke ɗaure da tsarin wata ma'aikata ba ta shiga na gida. A kula da abu ɗaya in za a yi tarayya a akawun: saiti kawai za a bari ya tafi, kada a kunna ajiyar Desktop da Documents da Pictures. OneDrive na kyauta gigabait 5 ne, zai cika nan da nan, kuma hotunan wani ɗaki za su bayyana a kwamfutar wani ɗakin. A gidan da ake zaune da surukai wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wasu za su ce me ya hana a tsallake shingen Windows 11 da manhajar Rufus, wadda ke cire binciken TPM da furosesa daga filash. Yana aiki, kuma lasisin Windows 10 ɗin zai kama a 11. Amma Microsoft bai yi alkawarin faci ga irin wannan ba, kuma babbar sabuntawar shekara ba ta zuwa da kanta. Kowane zubin Home da Pro wata 24 ake tallafa masa, don haka dole wani ya dawo ya maimaita aikin da hannu. Ga mai son wasa da kwamfutarsa ba laifi. Ga kwamfutar da Hajiya ke kiran 'ya'yanta na waje da ita, ban ga dalili ba.

Ta tebur ta biyu haɗin hannu ce, ta ɗan Yaya mai zanen katin biki da allunan talla. Furosesa zubi na huɗu, amma yana da Windows 10 Pro na Retail, da kwalinsa da katin makulli. Dama yana shirin canza madabod da furosesa da RAM, domin DDR3 ba ya shiga sabon madabod. Microsoft ya daina sayar da Windows 10 tun 31 ga Janairun 2023, amma makullinsa yana kunna 11. Kafin a kwance ko dunƙule ɗaya, na duba shafin Activation na ga ya ce lasisin dijital yana haɗe da akawun ɗin Microsoft. In bai ce haka ba, a shiga da akawun tukuna. Bayan an haɗa sabon kaya an ɗora Windows 11 Pro a sabon SSD, ya nuna 0xC004F213, wato bai ga makulli ba, kuma haka ake tsammani. Na danna Troubleshoot, sannan I changed hardware on this device recently, na zaɓi sunan tsohuwar kwamfutar a jerin, ya kama. In wannan ya ƙi, a shigar da haruffa 25 ɗin a Change product key. Tsohon madabod ɗin kuwa yanzu ba shi da lasisi, in za a haɗa wa wani shi sai a nema masa nasa.

Ta shida tsohuwar Toshiba ce ta yara, Core 2 Duo, da takardar Windows 7 a gindi. A da makullin wannan takarda yana kunna Windows 10, ko bayan tayin kyauta ya ƙare a hukumance a 29 ga Yulin 2016, amma an rufe ƙofar a Satumban 2023. Windows 11 daga zubin 24H2 ma ba ya tashi a furosesar da ba ta da fasahar SSE4.2, kamar wannan, ko da Rufus. Na ɗora mata Linux Mint mai Xfce, kyauta, zubi na 22 yana da tallafi har 2029. Burauza da LibreOffice da bidiyon karatu duk suna tafiya. A gwada Wi-Fi da firinta daga filash kafin a ɗora.

Kuɗin lasisi ke nan: na Kawu kaɗai. Abin da ya fi cin kuɗi a gidan madabod ne da furosesa da RAM da SSD, sai data. Windows 11 ya haura gigabait 5, in kowace kwamfuta ta sauke nata an ƙona data a banza. Sau ɗaya na sauke shi da manhajar Media Creation Tool a filash mai gigabait 8, wanda zai share duk abin da ke kansa, kuma shi ya yi wa huɗun aiki. Don ɗorawa a kai ba tare da wankewa ba, a buɗe filash ɗin daga cikin Windows 10 a danna setup.exe. Sai dai harshe ya dace. Kwamfutar da ta zo daga Ingila takan zo da en-GB, ta Amurka en-US, in filash ɗin ya saɓa da nata sai zaɓin riƙe fayiloli da manhajoji ya dushe, ya ƙi dannuwa. Umarnin dism /online /get-intl yana nuna harshen asali. Bayan an gama, a Delivery Optimization a kunna rabawa tsakanin na'urorin da ke kan rauta ɗaya, abin da ɗaya ta sauke sauran su ɗauka daga gare ta.

Wuta kuma a yi mata shiri. Laftof a cika batir a bar ta a jone, ta tebur a sa mata UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, musamman in za a sabunta BIOS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan na iya kashe madabod, lasisin OEM kuma ya tafi tare da shi. Bayan ɗorawa a kai akwai kwana 10 na komawa Windows 10, muddin ba a share Windows.old ba. A sabuwar ɗorawa ta 24H2 zuwa sama, in an shiga da akawun ɗin Microsoft, faifai yakan kulle kansa ko a Home, makullin buɗewa mai lamba 48 ya tafi cikin akawun. Na sa kowa ya buɗe nasa ya kwafe a takarda. Dattijon da ya buɗe akawun da layin wayar da ya daina amfani da shi, a gyara lambar tun yanzu.

Wankewa tana tafiya da Office ɗin da mai shago ya ɗora, wanda kusan kullum shi ma na sata ne, kuma Office 2016 da 2019 sun rasa tallafi rana ɗaya da Windows 10. A faɗa wa mai kwamfutar kafin a fara, ba bayan ya nemi Word ya rasa ba. Word da Excel na cikin burauza kyauta ne ga mai akawun, LibreOffice kuma ba ya neman intanet.

Saura OptiPlex, wadda za a nema wa magajiya kafin wa'adin ESU ya cika. Sayen wadda aka yi amfani da ita mai zubi na takwas ko sama, da makullinta a BIOS, ya fi sayen lasisi daban ma'ana, domin kuɗi ɗaya ya kawo na'ura da Windows. A Adum, nan cikin Kumasi, wajen PZ da kewaye, akwai su da yawa. A tsaya a shagon a buga umarnin nan uku, a karanta lambar furosesa a Settings ba a takardar da aka manna ba, a shiga BIOS a ga ko an sa masa kalmar sirri. Sai gwaji na ƙarshe, wanda mutane kan tsallake: kwamfutocin da suka fito daga ma'aikatun waje wani lokaci suna nan a rajistar Autopilot ta ma'aikatar. Mai shago zai iya ɗora Windows ba intanet ta yi kyau a ido, amma ranar da aka wanke ta aka haɗa da intanet sai ta fito da sunan wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikacinsa, kuma ma'aikatar ce kaɗai ke iya cire ta daga rajistar. A nemi a wanke ta a gabanka, a jona Wi-Fi a allon farko, a ga ta wuce zuwa neman akawun na kanka kafin a tura kuɗi ta MoMo.